Abin da Sufacaja Ke Nema Daga Injin Mota

Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai a cikin inji, sai ya samu kusan kilo 14.7 na iska. Saboda haka ƙarfin inji ya tsaya ne a kan yawan iskar da fistin zai iya zuƙowa. In ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, baƙin hayaƙi kawai za ka samu a salansa. Sufacaja famfo ne da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi, fanbel ne kuma ke juya shi daga kiranshaf. Nan ya sha bamban da turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa. Shi sufacaja da ka taka totur yake amsawa, sai dai yana cin wani kaso na ƙarfin da ya samar.

Dabarar tsohuwa ce. 'Yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, sun yi wa famfonsu rajista a 1860, kuma masana'antun narka ƙarfe ne suka fara cin moriyarsa. Mercedes ta nuna motoci masu sufacaja a Balin a 1921. Wanda ya taɓa ganin C200 ko C230 da aka rubuta wa Kompressor a baya ya ga jikokinsu.

Ɗaura na'urar kanta ba shi ne wahalar ba. Akwai kamfanoni masu sayar da ita cikakkiya, da fuli da bel da ƙarafan ɗauri, an auna wa takamaiman inji. Mai haƙuri da kayan aiki zai iya. Aikin gaske yana farawa bayan an ɗaure noti na ƙarshe.

Iskar da muke shaƙa tana da matsi na kusan psi 14.7 a gaɓar teku. In sufacaja ya ƙara psi 7, iskar da ke shiga ta ƙaru da kusan rabi a lissafi, dole mai ma ya ƙaru haka. Tsofaffin nozul da famfon mai sau da yawa ba sa iyawa, sai an sauya su, sannan a sake saita kwamfutar motar ta san sabon awo, ta kuma ɗan jinkirta wutar filogi. Wannan saitin, a ganina, na ƙwararre ne mai na'urar awo, ba na kunne ba.

Ga kuma zafi. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, iska mai zafi kuwa tana sa wani ɓangare na man ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta kai gare shi. Za ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar tana iya fasa gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙona gasket cikin ɗan lokaci. Maganinta ƙaramin lagireto mai sanyaya iska kafin ta shiga, da fetur mai babban oktan. A nan mai mota a Sakkwato ko Maiduguri ya kamata ya yi dogon tunani: zafin Afrilu yana wuce digiri 40, gidajen mai kuma galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa, alhali masu ƙera waɗannan na'urori mai mafi inganci suke sharɗantawa. Kwaɗayin sa ƙaramin fuli don ƙarin matsi yana cikin abubuwan da ke kashe injuna.

Tun kafin ka kashe ko kwabo, a auna matsin kowace silinda. Injin da ke shan baƙin mai ko yake hayaƙi ba zai ɗauki ƙarin kaya ba. Kuloci da giya za su ji sabon ƙarfin, kuma birkin da aka auna wa tsohon gudu yana buƙatar a duba shi kafin motar ta hau titi.