Yadda Mai Ba Da Hayar Na'ura a Filecoin Ke Tafiyar da Kuɗi da Jingina

Filecoin kasuwa ce ta intanet da ke gudana a kan fasahar bulokcen, inda masu manyan kwamfutoci ke ba da hayar wurin ajiye bayanai, a biya su da kuɗin kirifto mai suna FIL. Kamfanin Protocol Labs na Juan Benet ne ya ƙirƙiro ta, ta fara aiki a watan Oktoban 2020. A nan babu alƙalin da za a kai wa ƙara idan mai na'ura ya ɓatar da amanar da aka ba shi. Shi ya sa aka ce ya fara ajiye jingina kafin a yarda da shi.

Mu fara da jinginar. Ana yanka ma'ajiyar na'ura gida-gida, kowane gida na cin gigabayit 32 ko 64. Duk gidan da mai na'ura zai shigar, sai ya kulle wani adadi na FIL a kansa, kuma sau biyu ake biya. Da farko akwai ɗan kuɗin alkawari da yake sakawa lokacin da ya sanar cewa yana shirya gidan. Idan wa'adi ya wuce bai kawo shaidar kammalawa ba, kuɗin ya tafi ke nan. Sannan sai babbar jinginar, wadda ba za ta dawo hannunsa ba sai kwanakin gidan sun cika. Adadinta ba tsayayye ba ne, yana hawa da sauka gwargwadon halin da kasuwar take ciki. Wanda kuma ya karɓi bayanan da aka tantance ƙarƙashin shirin Filecoin Plus, ana lissafa masa ƙarfin cin lada ninki goma, jinginarsa ma ta ninka haka. Ana yawan zumuɗin ninkin lada a manta da ninkin jingina.

Sai batun lada. Mai na'ura ba ya shiga sahun masu cin ladan bulo sai ma'ajiyarsa ta kai terabayit 10. Ko ya ci, kashi 25 cikin ɗari kawai ake sakar masa nan take. Sauran kashi 75 ana sako su ne kaɗan-kaɗan cikin kwana 180. Don haka adadin da ya gani a asusu ba duka ne na kashewa ba, kuma wanda ya ɗora kuɗin wuta da albashin ma'aikata a kan wannan adadi zai sha mamaki a ƙarshen wata.

Yanzu ga inda aikin yake. An raba kowace rana zuwa zango 48, kowane zango minti 30, kuma kowane gida yana da zangon da dole a tura shaidar cewa bayanan da ke cikinsa suna nan lafiya. Tura shaidar nan ba kyauta ba ne, ana biyan ɗan kuɗin da ake kira gas. Daga wace lalita ake cire shi? Tsarin ya tanadi iri uku. Lalitar mamallaki ita ce ke da ikon cire kuɗi, ita ake ɓoye mabuɗinta nesa da intanet. Lalitar ma'aikaci ita ke aikin yau da kullum. Ta uku kuwa ƙarama ce da ake keɓewa don tura shaida kaɗai, gudun kada saƙon shaida ya tsaya layi a bayan wasu saƙonni har lokaci ya ƙure. A ganina wannan ƙaramar lalita ta fi kowace buƙatar sa ido. Mutum na iya kulle dukiya mai yawa a jingina, na'urarsa garau, amma lalitar shaida ta bushe da tsakar dare, gari ya waye an rubuta masa laifi. Kamar mai tirela ne da ya rasa kuɗin mai a tsakiyar daji.

Laifi yana da farashi. Kowace rana da gida ya yi babu shaida ana cin sa tara, idan kuma ya kai kwana 42 a haka sai a soke shi, a ƙara da tarar sokewa. Ana fara cira daga ladan da ba a sako ba tukuna da abin da ke sake a asusu. In ba su isa ba, ragowar ta zama bashi, kuma mai bashi ba ya cin lada, ba ya cire ko sisi, sai ya biya. Kuɗin tarar ba ya shiga aljihun kowa, ƙona shi ake yi. Duk mai tunanin kafa irin wannan sana'a a Kano ko Maradi ya sani cewa ɗauke wuta ba uzuri ba ne a wurin tsarin.

Saura tambayar da ke raba masu riba da masu asara: ina za a samo jinginar? Wasu sukan sayi FIL da kuɗinsu ko da bashin dala. A watan Afrilun 2021 FIL ɗaya ya haura dala 200, amma kafin ƙarshen 2022 ya faɗo ƙasa da dala 5. Wanda ya ci bashin dala a lokacin tsada, jinginarsa ta dawo masa cif a lissafin FIL, sai dai ba ta biya ko rubu'in bashin ba. Wasu kuma FIL ɗin suke arowa, abin da ya ƙara sauƙi bayan Maris na 2023, da aka buɗe damar rubuta yarjejeniyoyi masu zartar da kansu a kan Filecoin, kafofin ba da rance irin GLIF suka fito. Mai wannan hanya FIL ya ara, FIL zai mayar, faɗuwar farashi ba ta taɓa uwar kuɗin. Amma akwai kuɗin ruwa da zai riƙa fita daga lada, batun da mai karatu Musulmi zai so ya tambayi malamai a kai kafin ya sa hannu.

Kafin ka sayi na'ura ko ɗaya, ka zauna ka lissafa kuɗin wuta da intanet na wata 6 waɗanda za ka biya daga aljihunka, ba daga lada ba. In lissafin bai fita ba, ka dakata.