Kama Da Wane Ba Ta Wane

A watan Satumba na 2006, a asibitin Methodist da ke Indiyanapolis ta Amurka, an yi wa jarirai bakwaini shida allurar heparin, maganin hana jini daskarewa, mai ƙarfin da ya ninka nasu sau 1,000. Uku suka rasu.

Kwalbar manya mai yunit 10,000 da ta jarirai mai yunit 10 sun yi kama, takardun jikinsu duk shuɗaye. Ma'aikacin ɗakin magani ya ajiye ta manya a wurin ta jarirai, ma'aikatan jinya suka ɗauka bisa sabo. A 2007 kamfanin Baxter ya sake takardar, ya ƙara jan gargaɗi.

Ma'aikatan jinya, kada ku dogara da launi. Ku karanta suna da ƙarfin magani yayin ɗauka, yayin zuƙa, da kafin yin allura.