ECOWAS da rikicin Nijar: wa ke da ikon kiran yaƙi a kan maƙwabci?

A farkon watan Agustan 2023, bayan mun idar da sallar Asuba a masallacinmu da ke Unguwar Rimi, wani dattijo mai gadi, mutumin Tawa, ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce: "Allah gafarta Malam, idan sojojin nan suka shiga ƙasarmu, ni da wa zan tsaya?" Ya fi shekara ashirin a Kaduna, a nan aka haifi 'ya'yansa, mahaifiyarsa kuwa tana can. Ban iya ba shi amsa mai gamsarwa ba a ranar.

Abin da ya tayar masa da hankali sananne ne. Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun fadar shugaban ƙasar Nijar, ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tiani, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka hallara a Abuja bisa jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin wa'adin kwana bakwai, suka rufe iyakoki, suka dakatar da hulɗar kuɗi da ciniki. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na bukatarta daga gare ta. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana.

Ɗalibai da yawa sun tambaye ni daga ina ƙungiyar ta samo wannan iko. An kafa ta a Legas a 1975 domin kasuwanci, amma yaƙin Laberiya ya sa ta tura rundunar ECOMOG a 1990. Daga baya ƙasashen suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Lome ta 1999 game da tsaro, da ta Dakar ta 2001 wadda ta haramta karɓar mulki ba bisa tsarin mulki ba. Nijar na cikin masu sa hannu. Don haka wanda ya ce babu ruwan ECOWAS bai yi adalci ba. Musulunci ya girmama alkawari tsakanin al'ummomi, kuma Manzon Allah (SAW) ya yabi Hilful Fudul, ƙawancen da dangogin Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an domin tsaya wa wanda aka zalunta, alhali tun kafin aiko shi aka ƙulla shi. Ni kuma ba na cikin masu tafa wa juyin mulki.

Inda nake ganin ƙungiyar ta yi tuntuɓe shi ne jerin matakai. Aya ta tara a Suratul Hujurat ta sa sulhu a farko, ta ajiye ƙarfi ga ɓangaren da ya ƙi sulhun ya zarce da zalunci, sannan ta sake komawa ga sulhu bisa adalci. ECOWAS ba hukumar shari'ar Musulunci ba ce, amma hankali ma ya yarda da wannan jeri. Ita kuwa ta fara da wa'adi da takunkumi, manzanni suka biyo baya. Da tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta sauka Yamai ranar 3 ga Agusta, ta dawo ba ta gana da Tiani ba. Khalifa Muhammadu Sanusi II ya samu ganinsa ranar 9 ga wata, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ranar 12. Zumunci da addini suka buɗe ƙofar da barazana ta rufe. A gida kuwa Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar tattaunawa, haka ma Jama'atu Nasril Islam, mai hedikwata a nan Kaduna, ta yi gargaɗi kan yaƙi.

Takunkumin ya fi ci mini rai. Janar ba ya kwana cikin duhu, ba ya rasa magani. Mai naƙuda a asibitin Maraɗi, da direban da kayansa suka ruɓe a Jibiya ko Illela, su ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Duk ɗalibin sira ya san ƙauracewar da aka yi wa Banu Hashim ta kimanin shekara uku, yadda yunwa ta kama yara da tsofaffi, har wasu daga cikin Ƙuraishawan da kansu suka tashi suka warware ta. An ɗage mafi yawan takunkumin Nijar ranar 24 ga Fabrairun 2024, gab da azumi, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe: tun 28 ga Janairu Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu, ta kuma tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Wasu 'yan'uwa sun yi murna da ficewar, kamar an kayar da wani azzalumi. Ban ga abin murna ba. Iyakar da ta raba mu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma ɗan bindiga ba ya neman biza. A watan Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta Najeriya ta bayyana ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta danganta hakan da rushewar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwar yankin Tafkin Chadi mai yaƙi da Boko Haram.

Dattijon nan ya samu zuwa Tawa bayan an buɗe iyaka a watan Maris na 2024. Da ya dawo na tambaye shi hanya, sai ya ce sun wuce shingayen jami'ai lafiya, amma direbansu ya ƙi yarda ya yi tafiyar dare ko da taku ɗaya.