Masu Hawan Bagaruwa A Bakin Kogin Nilu: Wahala Tasu, Riba Ta Wasu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa auna buhun bagaruwa a Maigatari ko Jibiya ko Illela ya san darajarta wurin majema. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a ƙasar Sudan itacen bagaruwa kansa babbar dukiya ce, kuma akwai 'yan uwanmu Hausawa da ke neman abinci ta hanyar hawansa da saransa.

Su dai Hausawan nan ba baƙi ba ne a can. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuma maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, suka zauna noman auduga a Jazira, ko su a reshen kogin Nilu da Larabawa ke kira Nil Azrak.

A bakin wannan kogi ne, daga Sinnar zuwa Sinja har Rusairis, dazuzzukan bagaruwa suke, wadda mutanen ƙasar ke kira sunut. Da damina ruwa yakan gangaro daga tsaunukan Habasha ya malala cikin fadamu ya kwanta wata da watanni, ita kuwa bagaruwa abin da take so ke nan. Tun zamanin Turawa aka keɓe waɗannan gandaye, aka tsara cewa sai itace ya shekara 30 za a sare shi a sake shuka wani. Ana kai gungumen injin yanka katako, kamar na garin Suki, a fitar da katakon da ake ɗora layin dogo a kai, saboda taurinsa. Daga 1989 Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ce ke riƙe da ragamar wannan aiki.

To, amma kafin gungume ya isa inji, sai wani ya hau. Mai hawa yakan ɗale da ƙafa ba takalmi, gatari a rataye, igiya a ɗamara. Zai fara datse rassan da za su iya sarƙewa da na maƙwabta, sannan ya ɗaura igiya a sama domin na ƙasa su ja itacen ya faɗi inda ake so. Ga ƙaya, ga zuma, ga busasshen reshe da kan karye ba sallama. Idan lokacin 'ya'ya ya yi, shi ne dai zai sake hawa ya kaɗo su, mata da yara na tsincewa. Duk da haka ladansa bai taka kara ya karya ba, in kuwa ya faɗo, jinyarsa tana wuyan iyalinsa.

Domin mai karatu ya gane bambanci, a yammacin ƙasar Kanada ma akwai masu wannan sana'a. Can mai hawa yakan sa takalmi mai ƙusa da hular kwano da ɗamarar tsaro, ya datse rassa da kan itacen da zarto mai inji, a yanke gindin a bar ɗan abin da ke riƙe da shi, sai jirgi mai saukar ungulu ya zo ya cafke shi ya ɗauke. Haɗarin yana nan, amma akwai horo da inshora. Namu ba su da ko ɗaya.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙara dagula lamarin. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, suka kama Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojojin gwamnati su ƙwato Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025. A wannan tsakani iskar gas ta girki ta yi wuya, jama'a suka koma ga gawayi da itace, tsaron gandu kuma ya yi rauni. Itacen da ya kamata a jira shi shekara 30, sai ga shi a buhun gawayi tun yana ƙarami. Ga kuma babbar madatsar ruwa da Habasha ta ƙaddamar a Satumbar 2025, wadda masana ke fargabar za ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamun.

Kiranmu ga 'yan kasuwa shi ne, duk mai sayen gawayi ko katako ko bagaruwa, a Gallabat yake ko a Maigatari, ya riƙa tambayar inda kayan suka fito, ya kuma daina tauye wanda ya sa ransa a kan reshe. Kuɗin igiya mai ƙwari da takalmi ba zai karya jarin kowa ba. In aka cinye dajin yau, gobe ba mai hawa, ba kuma abin da dillali zai auna. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.