Daga Palladan Zuwa Samaru: Hanyoyin Da Muka Tsaga A Kan Layin Dogo, Wa Ke Da Alhakinsu?

Ran da ka sake hawa acaɓa daga Kwangila zuwa Samaru, ka ɗan ajiye wayar nan a aljihu ka yi wani ƙaramin aiki. Ka ƙirga wurare nawa ne mutane ke tsallaka layin dogo tsakanin Palladan, Zango da Samaru. Ba manyan tituna masu kwalta kaɗai ba, har da 'yar hanyar da 'yan acaɓa suka tsaga, da wadda mai gidan bulo ya cike da jar ƙasa don tifa ta samu shiga, da ta masu kura da ke kai ruwa cikin unguwa. In ka gama, ka sake ƙirga guda nawa ne a cikinsu ke da ko da allo ɗaya mai cewa "Tsaya, jirgi". Lissafin biyu ba za su zo daidai ba, ko kusa.

Layin nan ya girmi kakanninmu da yawa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, kuma tashar reluwe ce ta haifi Sabon Gari. Reshen da ya ratsa ta wajenmu, ya bi Funtua da Gusau, an kai shi Ƙauran Namoda a 1929, don kwaso gyaɗa da auduga. A lokacin gonaki ne da jeji. Sai ga jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan a 1964, gari ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye layin. Sunan Hayin Dogo ma kaɗai ya ishe ka labari: unguwa ce guda da ba ka isa gare ta daga titi sai ka haye ƙarfen nan.

To, matsallakar jirgi iri biyu ce, kuma nan ne zancen yake. Akwai ta gwamnati, inda babban titi ya gitta layi. Wannan an san da ita, tana cikin takardun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, ita ce ake yi wa shinge ko a ajiye mai tuta. Sai kuma wadda ba ta kowa da kowa ba: hanyar gona, ta masana'anta, ta wani gida ko makaranta. Ita wannan ta biyun a ƙa'ida sai da yardar masu layi ake buɗe ta, kuma a san wanda zai kula da ita. A wajenmu kuwa, wanda ya fara zuba ƙasa shi ne injiniya, shi ne mai ba da izini. Bayan shekara biyu hanyar ta zama ta al'umma, in ka tambayi wa ya buɗe ta, kowa ya ɗaga kafaɗa.

Bari in kai ka Birtaniya na ɗan lokaci, ba don su mala'iku ne ba, sai don sun zauna sun rubuta abin a doka. Suna da matsallakar jirgi kusan 6,000, kuma da yawa daga ciki irin na gonaki ne, ba mai gadi, ba fitila. Tun 1996 suke da doka ta musamman kan alluna da shingayen irin waɗannan wurare, suka sabunta ta a 2023. Dokar ta fayyace siffar allon da abin da za a rubuta a kansa. A wuraren da aka kafa tarho, mai babbar mota ko mai garken dabbobi sai ya kira ma'aikacin da ke kula da zirga-zirgar jirage ya ji ko hanya ta yi kyau. In mai ƙyaure biyu ce, direba zai sauko ya buɗe na kusa da na can tsallake, ya dawo ya ɗauki motarsa ya wuce, sannan ya koma ya rufe duka biyun. In ka lissafa, sau biyar ke nan yake gitta layin kafin ya ci gaba da tafiyarsa. Ka ce wahala? Wahala ce. Amma ƙyauren da aka bari a buɗe yana gaya wa na baya cewa hanya lafiya lau, alhali ba wanda ya duba.

Abin da ya sa suka sake fasalin allunan ya shafe mu kai tsaye. Da can manomi da iyalinsa ne ke bin hanyar, sun san lokutan jirgi kamar yadda suka san lokutan cin abinci. Yanzu masu kai saƙon kayan da aka saya ta intanet ne ke shigowa, taswirar waya na ja musu gora, ba su taɓa ganin wurin ba. Don haka aka rage dogon rubutu, aka ƙara zane da baƙo zai gane nan take. Yanzu dubi Samaru. Duk shekara dubban sababbin ɗalibai ne ke sauka, daga Legas, daga Jalingo, daga ko'ina, su kama haya a tsallaken layi. Wa ya taɓa gaya musu cewa layin nan ba a rufe shi ba?

Na san abin da za ka ce: "Haba, yaushe rabon da a ga jirgi a nan?" Gaskiya ne, ya yi wuyar gani, har ciyawa da bola sun rufe ƙarfen a wasu wuraren, masu kayan miya sun baza tumatir a gefensa. Amma ni a ganina wannan shirun shi ne babban haɗarin. Inda jirgi ke wucewa kullum, jiki na sabawa da waigawa. Inda yake zuwa jefi-jefi, ba mai waigawa. Layin Legas zuwa Kano ma ya yi shekaru a kwance, sai ga shi a Disambar 2012 an dawo da jigilar fasinja, kuma ba gida-gida aka bi aka sanar ba.

Shi kuma jirgi ba A Daidaita Sahu ba ne. Ba shi da sitiyarin kaucewa. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, shi ya sa burkinsa ba ya kamawa nan take: jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Namu na tsohon layi ba sa wannan gudun, amma ko a hankali yake tafiya, nauyin taragon da ke bayansa na tura shi. Ga wani abin da mutane ba sa lura: faɗin tsohon layin bai wuce mita 1.067 ba, amma jikin jirgin ya fi layin faɗi sosai ta kowane gefe. Wanda ya tsaya "a gefe" yana ɗaukar bidiyon TikTok, kunne toshe da iyafis, a cikin hanyar jirgin yake. Haka masu hoton kammala karatu da ke zama a kan ƙarfen da farar riga an cika ta da sa hannu. Hoton yana kyau, ban musa ba.

Kuma kada ka ɗauka allo da tuta su kaɗai ne magani. Ranar 9 ga Maris, 2023, a matsallakar PWD da ke Ikeja a Legas, jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan gwamnatin jihar da safe suna hanyar ofis. Mutum shida suka rasu, gommai suka ji rauni. Akwai masu tsayar da motoci a wurin, wasu direbobi sun tsaya, shi ya ga zai iya wucewa. Wannan fa a matsallakar da hukuma ta san da ita ke nan. Ina ga wadda ba ta cikin takardar kowa?

Abin da ake buƙata a irin namu ba wani na miliyoyi ba ne. Allon nan mai alamar gicciye kamar harafin X, wanda duniya ta sani a matsayin alamar layin dogo, a kafa shi ta ɓangarorin biyu, da fenti mai ƙyalli don dare. A rubuta gargaɗin da Hausa, boko da ajami, a haɗa da zanen jirgi don yaro ɗan firamare. A sare ciyawa, a matsar da kes da rumfar da ke tare ido, ta yadda mai tsallakawa zai hango nesa hagu da dama. A daidaita ƙasan wurin don kada tayar Keke ko ƙasan mota ya maƙale a tsakiya. Inda hanyoyi uku suka jeru kusa da juna, a rufe biyu a gyara ɗaya. Na san 'yan jari-bola ba sa barin ƙarfe ya kwana, to a yi ginshiƙin da siminti, wa zai saye shi a kilo? Mafi muhimmanci, kowace matsallaka a rubuta sunan mai alhakinta: in gidan bulo ne ya buɗe, shi zai kafa allo ya sa sarƙa, in ta unguwa ce, mai unguwa da ƙaramar hukumar Sabon Gari su zauna da NRC.

Ba za a ce babu masana a kusa ba. Cibiyar nazarin fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, tana nan a hanyar Basawa tun 1986, tafiyar 'yan mintuna daga layin. Tun gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 kuma, harkar jirgin ƙasa ta daina zama ta gwamnatin tarayya ita kaɗai, jihohi ma suna da hurumi. Ga sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a Yulin 2021, mai faɗin mita 1.435, wanda zai bi ta Zariya da jiragen da suka fi waɗanda muka sani gudu.

Lissafin nan da na ce ka yi a kan acaɓa, ba sai an jira kwamiti ba. Mutum biyar masu waya za su iya gama shi a Asabar ɗaya: hoton kowace matsallaka, inda take a taswira, su wa ke bi, akwai allo ko babu. Ku buga kwafi uku, ɗaya na kansila, ɗaya na mai unguwa, ɗaya ku kai tashar reluwe ta Sabon Gari ku nemi a buga muku hatimin karɓa. Hotunan dai daga nesa da ƙarfen za ku ɗauka.