Ramin Akuta da Gawon Maraɗi

A ranar 31 ga Maris, 2021, aka dakatar da haƙar yuraniyom a Akuta, kusa da garin Arlit a arewacin Nijar. Kamfanin COMINAK ya fara ciro ma'adinin a nan tun 1978, daga ramuka masu zurfin mita 250, kuma kafin ya tsaya ya fitar da kimanin tan 75,000. Ba yaƙi ne ya rufe shi ba, ba kuma annoba ba. Dutsen mai albarka ne ya ƙare, ɗan abin da ya saura kuwa kuɗin tono shi ya fi kuɗin sayar da shi. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila da masu shaguna da ke ci a ƙarƙashinsu.

Haka halin arzikin da ba ya sabuntuwa yake. Yuraniyom da man fetur da gawayin ƙasa da kuza sun ɗauki miliyoyin shekaru kafin su taru, saboda haka duk buhun da aka ɗiba ya tafi ke nan. Masana tattalin arziki suna cewa tushen iliminsu shi ne ƙaranci: buƙatun mutane sun fi abin da ke hannu yawa, dole a zaɓi abin da za a yi, a haƙura da wani. A wajen ma'adini zaɓin ya fi nauyi, domin abin da muka sayar yau mun ɗebe shi ne daga rabon jikokinmu.

Nijar ta ɗanɗana wannan tun da wuri. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabi. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi manyan gine-gine a Yamai, aka ci bashi bisa zaton kuɗin za su ci gaba da shigowa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, kasuwa ta yi sanyi, farashi ya faɗi, bashin kuma ya zauna daram.

Sai mu gangara kudu, Maraɗi da Damagaram. Itace arziki ne mai sabuntuwa, amma a farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun kusa zama fili fetal. Mutane sun ƙaru, ana sassabe ana ƙone komai, fari ya biyo baya, mata na tafiya mai nisa neman itacen girki. Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne, sabuntuwa tana da ma'auni. In ana sara fiye da yadda ake tohowa, daji ma ƙarewa yake kamar ramin ma'adini.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ciyayin da ake ɗauka ƙirare ne a gonaki, tohon kututturen manyan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙasa. Manoma suka fara barin rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Suka raɗa wa dabarar suna sassabin zamani. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, wanda ke kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani.

A ganina, abin da ya fi dabarar datsa muhimmanci shi ne mallaka. A da doka ta ɗauki itace na gwamnati ne, malamin daji na iya cin manomi tara a kan bishiyar da ke cikin gonarsa. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Da aka sassauta, manomi ya tabbata gawon nasa ne, sai ya tsare shi kamar yadda yake tsare akuyarsa.

Mutanen Akokan, garin da aka gina saboda ma'aikatan COMINAK, ba su da kututturen da zai sake toho. Abin da aka bar musu shi ne tulin ragowar dutse mai tururin guba, wajen tan miliyan 20, wanda kamfanin ya yi alkawarin lulluɓewa da yumɓu da duwatsu don kada iska ta riƙa kwaso ƙurarsa zuwa cikin gari.