Daga jujin Arlit zuwa buhun taki: Yadda binciken sharar nukiliya da haidirojin ya shafi Sakkwato

Kayan aikin ɗan gwangwan ba su da yawa: sikeli, mayen ƙarfe, guduma, sai kuma ido. Da su ne masu sayen tsofaffin ƙarafa a unguwannin birnin Sakkwato ke raba baƙin ƙarfe da alminiyom, su ware tagulla da dalma, kowanne da farashinsa.

Akwai abu guda da duk kayan nan ba sa iya ganowa, wato tururin nukiliya. Ba shi da wari, ba shi da launi, mayen ƙarfe ma ba ya jin sa.

A watan Satumbar 1987, wasu mutum biyu a birnin Goyaniya na ƙasar Burazil suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka kwance wani sashe na injin gashin cutar daji, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. A cikinsa akwai garin sinadarin siziyom, wanda ke ba da shuɗin haske idan dare ya yi. Abin ya ba mutane sha'awa, aka riƙa gutsura wa 'yan uwa da maƙwabta. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida. Sai da aka auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da sinadarin a jikinsu, aka kuma rushe gidaje.

Akasarin ƙarafan da ke shiga hannun 'yan gwangwan ba su da wata illa irin wannan. Amma Sakkwato tana maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan ƙasashen da ke haƙar yuraniyom a duniya, don haka zancen sharar nukiliya bai yi mata nisan da ake zato ba.

Jujin da aka bari a Akuta

An fara haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Jamhuriyar Nijar a 1971, ta hannun kamfanin Somair. A 1978 kamfanin Cominak ya buɗe mahaƙarsa ta ƙarƙashin ƙasa a Akuta, kusa da garin. Shekara da shekaru manyan motoci na ɗauko garin yuraniyom cikin durom-durom, su biyo ta Agadas da Tawa, su ratsa ta yankin Birnin Ƙonni, sannan su nufi Doso da Gaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ƙonni kuwa dab take da Illela, wadda tazararta da birnin Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba.

Abin da motocin ke ɗauka ɗan kaɗan ne daga abin da aka tono. A tan guda na dutsen Arlit, yuraniyom ɗin bai wuce 'yan kilo ba. Ana niƙe dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid mai ƙarfi, irin wanda ake tsarmawa a zuba a batirin mota. Asid ɗin ya narkar da yuraniyom, a tsamo shi da wani sinadari mai kama da mai, a busar da shi ya zama gari. Saura kuma, laka mai tsami, a tura ta juji.

Matsalar ita ce asid ɗin yuraniyom yake ɗauka, ya bar danginsa. Kusan kashi 85 cikin 100 na tururin da ke cikin dutsen tun asali yana nan a cikin lakar, a jikin sinadaran toriyom da radiyom. Radiyom na buƙatar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Toriyom ɗin da ke haifar da shi kuwa sai ya yi shekara kusan 75,000. Birnin Sakkwato da Muhammadu Bello ya gina a 1809 bai jima da haura shekara 200 ba.

Lokacin da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris ɗin 2021, an bar tarin wannan laka kusan tan miliyan 20 a fili. Kamfanin Orano na Faransa, wanda ke da kaso mafi girma a mahaƙar, ya ce zai lulluɓe tarin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu, don hana iskar radon fita da kuma hana ruwan sama ratsawa. Cibiyar bincike mai zaman kanta ta CRIIRAD da ke Faransa da ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen Arlit sun daɗe suna ƙorafi a kan ƙurar da iska ke kwasa da kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun a 2003 masu binciken CRIIRAD suka ce sun auna tsofaffin ƙarafan mahaƙa masu ɗauke da tururi ana sayar da su a cikin garin Arlit.

Daga baya siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Faris, hanyar Kwatano ta toshe, kuma a watan Yunin 2025 gwamnatin sojan Nijar ta sanar da mayar da Somair mallakar ƙasa. An yi ta muhawara a kan wa ya mallaki yuraniyom. Ba a cika jin ana jayayya a kan wa ya mallaki jujin ba.

Sharar da ake mayarwa gilashi

A can inda yuraniyom ɗin ke ƙarewa, ba haka ake bi da shara ba. A masana'antar La Hag da ke gaɓar tekun Faransa, injiniyoyin harhaɗa sinadarai na narkar da makamashin da tashoshin lantarki suka gama amfani da shi a cikin asid, su tsame yuraniyom da fulutoniyom, waɗanda su ne kusan kashi 96 cikin 100. Ragowar kashi huɗun, wanda shi ne mafi hatsari, sai a haɗa shi da narkakken gilashi a zuba a tulunan ƙarfen da ba ya tsatsa. An zaɓi gilashi ne saboda yana ɗaure ƙwayoyin sinadarin a cikin jikinsa, ruwa kuma ba ya cin sa sai a hankali ƙwarai.

Adalci shi ne a ce sharar biyu ba ɗaya ba ce. Ta La Hag kaɗan ce amma tana iya kashe mutum cikin ɗan lokaci. Ta Arlit tururinta ba shi da ƙarfi sosai, sai dai yawanta ya wuce a zuba a tulu. Duk da haka, ɗaya ta samu gilashi da ƙarfe da ɗakunan bincike, ɗayar kuma ta shafe shekaru arba'in tana shan iskar hunturu.

Ko ƙasashe masu kuɗin ma aikin na ba su wahala. A Hanfod da ke jihar Washinton ta Amurka, inda aka sarrafa fulutoniyom ɗin bama-bamai tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, akwai shara fiye da lita miliyan 200 a cikin tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa. An fara gina masana'antar da za ta mayar da ita gilashi a 2002, amma sai a watan Oktoban 2025 ta soma aiki.

A Hanfod ɗin ne kuma aka ga inda zancen shara ke haɗuwa da na haidirojin. Tururin nukiliya na farfasa ƙwayoyin ruwa, ya saki wannan iska mai saurin kama wuta. Akwai wani tanki da ya riƙa tara ta a ƙarƙashin laka, ya yi gyatsarta duk bayan kusan wata uku, har sai da aka saka masa famfon motsa lakar a 1993. Iskar ce kuma ta tarwatsa gine-ginen tashar Fukushima ta Jafan a 2011, bayan da kwanson makamashin ya yi zafi ya haɗu da tururin ruwa.

Haidirojin ɗin da manomi ke saya

Iskar da injiniyoyin shara ke gudu, ita wasu injiniyoyin ke nema ido rufe. Ana yawan kiranta makamashin gobe, domin idan ta ƙone ruwa kawai take bari. Amma manomin albasa ko na shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo ya daɗe yana sayenta bai sani ba.

Takin yuriya daga amoniya ake yin sa, amoniya kuma haɗin naitirojin ne da ake tsamowa daga iska, da haidirojin. Idan aka bi lissafin sinadaran, buhun yuriya mai kilo 50 na cin haidirojin kusan kilo biyar kafin ya zama taki. A masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a watan Maris ɗin 2022 da ƙarfin yin tan miliyan uku a shekara, da ta Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, daga iskar gas ake ciro haidirojin ɗin, ta hanyar dafa gas ɗin da tururin ruwa. Shi ya sa idan gas ya yi tsada a kasuwar duniya, kamar yadda aka gani a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, taki ke bin sahu. Hanyar kuma na fitar da iskar kabon kusan kilo tara zuwa goma a kan kowane kilo na haidirojin.

Ɗaya hanyar ita ce a raba ruwa da wutar lantarki. A nan ne sunan Sakkwato ke shigowa, saboda rana. Lissafin dai bai da daɗin ji. Kilo ɗaya na haidirojin na buƙatar aƙalla lita tara ta tataccen ruwa, da wutar da ta kai yunit 50 zuwa 55 na mita. Buhun taki ɗaya ke nan zai ci yunit 250 ko fiye. Farantin sola mai wat 400 na ba da kusan yunit biyu a rana mai kyau, wato sai ya yi wata huɗu yana aiki kafin ya samar da haidirojin ɗin buhu guda. Ba a ma yi maganar ƙurar da ke rufe farantin ba.

Akwai kuma wani cikas. Yuriya na buƙatar iskar kabon a cikin haɗinta, wadda masana'antar gas ke samu a ɓagas daga aikinta. Mai amfani da rana sai ya nemo ta wani wuri, ko da yake masana'antar siminti irin ta Kalambaina na fitar da ita da yawa a duk lokacin da aka gasa farar ƙasa.

Wannan bai hana gwaji ba. A 2023 aka kafa wata ƙaramar masana'anta kusa da Naibasha a Kenya, mai yin tan ɗaya na amoniya a rana da hasken rana, don gonar da take ciki. Hujjarsu ita ce kuɗin dakon taki daga bakin teku. Wanda ya san nisan Legas zuwa Sakkwato, fiye da kilomita dubu, zai fahimci hujjar.

Wasu ƙasashen kuma nukiliyar suka ɗora wa aikin. Tashar Nine Mile Point da ke jihar Niyok ta fara yin haidirojin da wutarta a 2023. A Jafan akwai tukunyar gwaji a Owarai da ta kai zafin digiri 950, inda ake nazarin raba ruwa da zafi tsagwaronsa tare da sinadaran aidin da farar wuta. A Mali kuwa ƙasa ce ta bayar da kanta: masu haƙa rijiya a ƙauyen Burakebugu sun ci karo da ita a 1987, kuma daga 2012 aka soma kunna janareta da ita.

Abin da ke hannu

Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren gina tashoshin nukiliya. Har yau tukunyar nukiliya ɗaya ce a ƙasar, wadda ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, kwatankwacin dutsen guga talatin. A 2018 aka cire mata yuraniyom mai ƙarfin da za a iya yin makami da shi, kusan kilo ɗaya, aka mayar da shi Sin, aka saka mata mai rauni.

Ba ta ba da wuta, ba kuma za ta yi haidirojin ba. Amfaninta shi ne a saka mata ɗan samfurin ƙasa, dutse ko hatsi, ta bayyana sinadaran da ke ciki ko da ƙanƙane ne. A Sakkwato kuma akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda tun farkon shekarun 1980 take aiki a kan hasken rana, na'urorin busar da amfanin gona da gas ɗin kashin dabbobi. Hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke da alhakin bin sawun duk wani abu mai fitar da tururi.

Idan aka dubi waɗannan uku, aikin da ya fi kusa da hannu ba gina tasha ba ne. Awo ne: na'urar hannu mai gano tururi a manyan wuraren tara ƙarafa da kan iyakar Illela, da gwajin ruwan rijiyoyin burtsatse, da na duwatsun da ake shirin haƙa.

Na ƙarshen nan ya fi shafar jihar kai-tsaye. A yankin Dange-Shuni akwai dutsen fosfet, wanda ake yin ɗaya ɓangaren takin zamani da shi, kuma an daɗe ana kiran masu zuba jari su zo su haƙa. Fosfet irin wanda ya kwanta a ƙarƙashin tsohon teku yakan zo da ɓurɓushin yuraniyom da radiyom. Idan aka jiƙa shi da asid, irin wanda ake amfani da shi a Arlit, kowane tan na ruwan fosfet na barin kusan tan biyar na wata farar shara, kuma a cikinta akasarin radiyom ɗin ke zama. A jihar Fulorida ta Amurka, tarin wannan shara ya kai kusan tan biliyan ɗaya, kuma tun 1989 hukumar kare muhallin ƙasar ta taƙaita amfani da ita saboda iskar radon.